Faifan Da Ya Koma Ƙoƙo

Kurmin Kogi,
Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ta-Makarfi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda kika je. Na san ba za ki ga takardar nan ba sai kin kwance kaya, don da gangan na cusa ta can ƙasan jaka. Kada ki tsaya juya ta kina neman mai rubutun. Ni ce, wadda kike kira Yaya. Rubutun ya karkace, na sani, rabona da riƙe biro haka tun ina firamare a Makarfi, sai ki yi haƙuri ki bi shi a hankali.

Kai, yarinyar nan, kin faranta mini! Tun ranar da aka ce bautar ƙasarki ta fito, wai can jihar Oyo, nake jin kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha. Ke kin gan ni ran nan, matan gida suna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa ina tankaɗe na ɗaure fuska kamar labarin 'yar maƙwabta ake yi. To bari ki ji abin da ba ki gani ba. Ina gama tankaɗen na shige ɗaki, na tura ƙofa, na taka rawa ni kaɗai har zanina ya kwance! Ni, da hawan jinina da komai. Malam babanki kuwa ba a magana, ya ishi mutanen ƙofar masallaci. Ko farashin taki aka ɗauko sai ya san yadda ya yi ya karkato da hirar ta dawo kan kakin da za ki sa.

Kin san dalilin da ya sa ban iya gaya miki wannan baki da baki ba. Ke 'yar fari ce. Tun da aka yaye ki mahaifiyata Inna ta goya ki ta tafi da ke Makarfi, ita ce uwarki, ni kuwa na zama Yaya. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa yabonki a gaban mutane ba, in kin shigo ɗaki sai in nemi abin da zan kalla a bango. Haka muka tarar, haka Inna ta yi wa yayanmu, kuma ba na zagin abin da na gada. Amma yau za ki yi nisan da ba ki taɓa yi ba, kuma akwai abu ɗaya da yake tsaye mini a rai, in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba.

Abin shi ne, kin ɗauko halina kaf, ba ki rage komai ba. Ko wuta ce ke cin zuciyarki, in an tambaye ki sai ki ce, “Ba komai.” Na ga wannan lokacin da Inna ta rasu kika dawo gidan nan. Kina shara, kina wanke-wanke, kina gaida kowa, kina ramewa. A nan aƙalla akwai masu ganin ramar. Can wa ya san fuskarki, balle ya gane ta canza? Shekara guda za ki yi cikin mutanen da ko gaisuwarsu ba ki iya ba. Ina tsoron ciwon da ya kusa kwantar da ni ya bi ki can ya same ki ke kaɗai. Shi ya sa zan ba ki labarin yadda na yi da nawa, da shirmen da na tafka a hanya, ko kya tsallake ramukan da na faɗa.

Shirmena na farko, na ɗauka duk wanda ya zauna malalaci ne. Da Inna ta rasu sai na ce aiki zai mantar da ni. Na kama surfe, na kama daka, in an kwaso tumatir daga fadama ni ce yanka ni ce shanya, barkono ma haka, har wankin da bai yi datti ba sai na sake shi. Kowa yana cewa kai, matar Malam akwai himma. Ashe ban sani ba, irin wannan aiki hannu kawai yake kamawa, ya saki zuciya ta yi ta yawo. Ina daka ina ganin makarar Inna. Ina shanya ina jin muryarta. Sai ciwon kai ya sa ni gaba, ƙeyata kamar ana sara, abinci ya fita raina, in yara suka yi dariya sai in ji haushi. Malam ya ɗauke ni a babur sai asibiti a Ikara. Malamar ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Mama, jininki ya hau sosai. Ga magani. Ki rage gishiri, ki rage tunani.”

Na ce, “'Yar nan, gishiri na san inda yake, yana cikin gwangwani. Tunanin fa, ta ina zan kamo shi in rage?”

Ta yi dariya, ni ban yi ba, don da gaske nake tambaya. Ke ma in wani ya ce miki ki daina tunani, kada ki ji haushinsa, bai san yadda abin yake ba ne. Tunani ba ya jin kora. Sai dai ki ba shi wani abin da zai riƙe.

Wadda ta koya mini wannan kin san ta, Goggo Dudu, tsohuwar Bafulatanar nan ta wajen Janfalan mai kawo mana nono. In rana ta take sai ta sauke ƙwaryarta a gindin mangwaron tsakar gidanmu ta huta, ta zaro saƙar faifanta tana yi. Shekara da shekaru ina ganinta, ban taɓa kula ba. Ran nan dai ina wucewa da turmi na ce, “Goggo, da tsufanki kina wasa da ciyawa?”

Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “Ke kuma da ƙuruciyarki kina tafiya kamar an aza miki dutsen niƙa. Zo riƙe mini in yi alwala.”

Na ajiye turmin na karɓa. Ta ce, “Kada ki bar shi haka, kabar za ta bushe. Soka basilla nan, zura, ki ja. Uku ja, biyu baƙi, sai ki sake.” Ta ɗauki buta ta tafi. Wallahi ban taɓa ganin alwala mai tsawon ta ran nan ba! Ta yi alwala, ta yi salla, ta yi nafila, ta zauna jan carbi, har da leƙa awaki. Ni kuwa ina nan, uku ja, biyu baƙi, ina tsoron kada in ɓata wa tsohuwa aiki. In na ɗauke hankali kaɗan sai in ga na sa ja a wurin baƙi, dole in dawo. Da ta zo ta karɓi abinta sai na ji wani iri, kamar na tashi daga barci mai daɗi. Na tsaya ina neman mene ne ya canza. Ashe tun rasuwar Inna ban taɓa yin zama ɗaya ban ga makarar nan ba sai ran nan.

Na ce, “Goggo, gobe za ki zo?”

Ta ce, “Nonon jiya ma ba ku shanye ba.”

Na ce, “Ki zo dai.”

To kin ji. Ki nemi abin da zai kama miki hannu da ido da zuciya gaba ɗaya, abin da in kika saki hankali zai ɓaci a gabanki. Aikin ofis ko na makarantar da za su tura ki ba zai yi miki wannan ba, shi na mutane ne. Latsa waya ma ba zai yi ba, na ga yadda kike tashi daga kanta idonki ya yi ja, ranki a jagule. Ki ware wani ɗan lokaci bayan la'asar wanda ba na kowa ba ne sai naki, kuma kada ki ji kunyar a gan ki zaune.

Shirme na biyu, gaggawa da son a ce na iya. Goggo ta ce a jiƙa kaba ta yi laushi kafin a taɓa ta, ni na ce ina da lokacin jira? Na kama ta a bushe. Tana karyewa, tana yanka mini yatsu, na yi ta tsaki ina cewa kabar Ikara ba ta da kyau. Sai rini. Na aiki Malam ranar kasuwa ya sayo mini galura ja da kore, na rasa tukunyar da zan dafa, na ce bari in ari ta tuwo, ai in na wanke shi ke nan. Tabɗi! Da yamma na tuƙa tuwon masara, ya fito ruwan hoda kamar kayan amarya. Malam ya buɗe kwano, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Ikon Allah. Yau kuma bikin wa ake yi?” Haka muka zubar da shi muka sha gari. Washegari ga suna a Furana, na tafi da hannuwa kore har wuyan hannu, mata suna tambayata ko sabon lalle ne ya fito daga birni. Na ce eh, bai iso ƙauyenku ba tukuna.

Abin da nake so ki gani, ran tuwon nan na yi dariya har da hawaye, na riƙe ciki, ƙannenki suka fito suna kallona kamar sun ga baƙuwa. Sun manta da yadda dariyata take. Ke kuma na san ki, tun kina ƙarama Inna take ba ni labari, in kika zo ta biyu a aji sai ki ƙi cin abinci. Haba Ta-Makarfi! Mutum yana bukatar abu ɗaya a rayuwarsa wanda in ya ɓata ba wanda zai tuhume shi, ba jarrabawa, ba oga. Ki yarda ki zama 'yar koyo. Ki yi mummuna, ki kalle shi ki yi dariya, ki sake wani.

Yanzu ga babban, ki karanta nan da kyau. Da hannuna ya ɗan faɗa sai na ce zan yi faifai cikakke ni kaɗai, tun daga cibiya har baki. Cibiya ita ce ɗan ƙullin tsakiya inda ake farawa, daga nan ake ta zagayawa ana naɗe ciyawa da kaba, layi bisa layi. Na fara lafiya lau, ya kwanta sumul. Ina cikin yinsa aka aiko daga Makarfi cewa za a raba kayan Inna. Na je. Aka fito da tasoshinta da zannuwanta aka baje a tsakar gida, kowa ya ɗauki nasa, kafin in taho har an fara jibga buhunan mazarƙwaila a ɗakinta. Ba wanda ya yi laifi, ɗaki ba ya zama haka nan. Na yi wa kowa sallama da fara'a, na dawo gida, aka ce yaya hanya, na ce lafiya lau. Na ɗauki saƙata na ci gaba.

Da na gama sai na ga abin mamaki. Faifai dai ana son sa shimfiɗe, ya rufe ƙwarya ruf, a yi fifita da shi, a yi bakace. Nawa kuwa bakinsa ya tashi sama ta ko'ina, ya koma ƙoƙo. Na danne shi da dutse ya kwana, ina ɗagawa ya koma yadda yake. Na ɓoye shi a bayan randa. Goggo Dudu da idonta kamar na shaho, tana zuwa shan ruwa ta zaro shi. Ta zauna, ta ɗora shi a gwiwa, ta sa yatsa a cibiya tana bin layi a hankali.

Ta ce, “Nan kina lafiya.” Ta matsa. “Nan ma kina lafiya.” Sai yatsan ya tsaya daidai inda ya fara hawa. Ta ɗago ta dube ni. “Nan wa ya taɓa ki?”

Na ce, “Ba komai, Goggo.”

Ta ce, “Ni za ki gaya wa ba komai? Bakinki ya iya, hannunki bai iya ba. Mai ƙunci a rai jan kaba take yi kamar za ta shaƙe ta. In kika matse, layin ba ya samun wurin kwanciya, sai ya hau kan ɗan'uwansa. Ga shi nan kin rubuta da hannunki.”

Wayyo, ai ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na zauna a ƙasa dirshan, na gaya mata komai, da tasoshin, da buhunan mazarƙwailar, da yadda ban samu na yi wa Inna wankin ƙarshe na zannuwanta ba. Abin da ban gaya wa Malam ba, ban gaya wa 'yan'uwana ba, na juye wa mai tallar nono. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in daina ba. Ta bari sai da na gaji don kaina, sannan ta miƙo mini basilla ta ce, “Warware zuwa inda yake kwance. Ki sake jiƙa kabar. In kin ji kafaɗarki ta ɗaga, ki ajiye, ki sha ruwa, ki dawo.”

Ran nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Tun daga lokacin kuma na samu abin da nake duba kaina da shi. In na ga baki ya fara tashi, na san akwai abin da na haɗiye, sai in tsaya in neme shi, in samu wanda zan gaya wa. Sau da yawa faifan yana riga ni sani. Shawarata a nan, in kin ji abu ya tokare ki, ki faɗa wa wani mai rai. Ba sai ɗan'uwa ba, ba sai Bahaushe ba. Allah Yana ajiye irin su Goggo Dudu a ko'ina, wataƙila taki tana can tana sayar da doya a bakin hanya.

Daga nan fa abin ya zama mini kamar sabuwar duniya, ba zan iya kwatanta miki daɗin ba! Idona ya buɗe. Zabuwa ta wuce sai in tsaya ina kallon ɗigon bayanta ina cewa wannan zai yi kyau da baƙi da fari. Mu bi ta gonakin rake a hanyar Kudan, kowa yana ganin rake, ni ina ganin kore mai duhu da kore mai haske suna bin juna. Na yi mai tauraro, na yi mai sawun kaza, na yi wani da na ƙirƙiro da kaina wanda har yau ba shi da suna. Ina tashi da asuba da ɗokin in gama aiki in ga yadda layin jiya zai haɗu da na yau. Ni da nake jin rana tana yi mini tsawo, sai ga shi ina roƙon ta ta jira ni. Matan maƙwabta suka fara leƙowa, wannan ta zo da kabarta, waccan ta zo kallo ta ɓige da koyo, gindin mangwaron nan ya koma dandali. Ana saƙa ana tsiya, ana ba wa juna labarin da ba a iya faɗa a gidan suna. Kin sha dawowa hutun makaranta daga Zariya ki tarar da mu muna shewa.

To daɗin nan ne ya ja ni ga shirme na gaba. Na ji garau, ciwon kai ya tafi, sai na ce ai na warke, faifai ya yi mini magani. Na tura ƙwayoyin asibiti ƙarƙashin katifa na manta da su. Ana nan wata rana muna yankan tumatir, na miƙe tsaye, sai duniya ta juya, na farka na ga mata a kaina suna yayyafa mini ruwa suna salati. Malamar asibitin nan ta wanke ni tas, kuma ta yi daidai. Ta ce, “Mama, saƙarki tana kwantar miki da hankali, ki ci gaba, amma ba ita za ta sha miki magani ba.” Ki riƙe wannan. In jikinki ya yi ciwo ki je asibiti. In damuwa ta yi nauyin da kika kasa ci, kika kasa barci, ita ma ki kai ta asibiti, ba abin kunya ba ne. Saƙa abokiyar zama ce, ba likita ba ce.

Akwai kuma na Kudan, shi a taƙaice zan faɗa don har yau haushin kaina nake ji. Wata mata a can za ta aurar da 'yarta ta ga aikina, ta ce in yi mata na jeren ɗaki gaba ɗaya, iri ɗaya, kafin biki. Yabo ya shiga kaina na ce to. Ke, abin da nake ɗoki ya koma abin da nake gudu! Ina saƙa ina duban rana, ina yi wa yara tsawa, ƙeya ta dawo da sara. Na gama da ƙyar na ce na tuba. Ban hana ki sana'a ba, in Allah Ya buɗa miki ta nan ki yi. Amma ki bar guda ɗaya a gefe wanda ba mai jiran sa, ba mai cewa yaushe za a gama.

Na san abin da za ki ce, don kin taɓa faɗa: “Yaya, a zamanin robar nan wa yake ta faifai?” To ai na kama ki. Wata rana na dawo daga barka na tarar an ƙara mini layi biyu a saƙata, an mayar an ajiye yadda na bar ta. Ƙannenki maza ne, Malam kuwa ko zare bai iya zurawa a allura ba. Layukan nan sun fi nawa kyau, sun jeru kamar haƙoran masara. Na yi kamar ban gani ba, na ɗora nawa a kai. Faifan yana nan rataye a ɗakina, kuma duk wanda ya ce in sayar masa sai in ce an riga shi.

Saboda haka ki duba cikin ƙullin atamfar da takardar nan take. Akwai kaba rinanniya, ja da baƙi da kore, a tukunyar rini na dafa ta, kada ki ji tsoro. Akwai damin ciyawa da basillata, wadda Goggo ta ba ni. Akwai cibiya da na fara miki, don ita ce mai wuya, ke sai ki ɗora. Abin da nake roƙo, duk Juma'a ki ɗauki hotonsa ki turo wayar Malam. Amma ki ji da kyau, ban ce ki ɗauko shi daga sama ba, daga sama kowane faifai lafiyayye ne. Ki ajiye shi a kan tebur, ki durƙusa, ki ɗauko shi ta gefe yadda zan ga ko ya kwanta. In kin yi waya kya gaya wa Malam lafiya lau, ya gaya mini, in ce madalla. Ni dai faifan zan duba. Ranar da na ga bakinsa ya fara tashi, wallahi zan karɓi wayar nan in kira ki da kaina, a gaban kowa, masu cewa ba ta da kunyar 'yar fari su yi ta faɗa.

Saura abu na ƙarshe a cikin ƙullin, na san kin riga kin gan shi kina mamaki. Tun da kika gama makaranta na fara yi miki faifai na musamman, na ce zan yi wanda ban taɓa yin irinsa ba, ki rufe abincinki da shi a can, duk wanda ya gani ya tambaya ki ce daga gida ne. Dubi tsakiyarsa ki gani, sumul, ina yi ina waƙa. Sai takardar tafiyarki ta fito. Na yi murna, Allah Ya sani ban yi miki ƙarya ba, rawar nan na taka ta. Amma na koma kan saƙa sai baki ya tashi. Na warware, na jiƙa kaba, na sha ruwa, na sake. Ya kuma tashi. Na sake warwarewa har kabar ta fara gajiya. Jiya Goggo Dudu ta zo, na miƙa mata na ce ta gyara mini kafin ki tafi. Ta sa yatsa ta bi layi, ta kai wurin, ta tsaya. Wannan karon ba ta tambaye ni wa ya taɓa ni ba. Ta miƙo mini abina ta ce, “Ba ta shi haka.”

To ga shi nan na ba ki haka. Ba zai rufe kwano ba, sai dai ki riƙa zuba 'yan kunnenki a ciki. Gobe in za ki shiga mota za ki ga ina can ina ba awaki dusa, ko juyowa ba zan yi ba, kada ki damu. Abin da ban taɓa iya gaya miki ba tun ranar da Inna ta goya ki ta fita da ke daga gidan nan, ki sa yatsa a cibiya ki bi layi, za ki same shi daidai inda ya fara hawa.

Allah Ya tsare mini ke, gabanki da bayanki. Ya ba ki lafiya da kwanciyar rai, Ya sa ki gama cikin nasara, Ya jiƙan Inna da ta raine ki. Ki riƙe salla, ki ci abinci ko bai yi miki daɗi ba. Allah Ya dawo da ke gidan nan lafiya, ki same mu lafiya, naki faifan kuma ya zo a shimfiɗe.

Wassalam.

Ni ce,
wadda kike kira Yaya.